BABI NA UKU: HORON DAMBE A GARIN AUJARA DAGA BAKIN WANI TSOHON ƊAN DAMBE

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a dunƙule a kan wasannin jarumta da ake yi a ƙasar Hausa. A wannan babi kuwa za a taƙaita a kan dambe, kuma za a dube shi ta fuskar horo, wato yadda ake koyonsa tun daga ƙuruciya har zuwa ranar da mutum zai ajiye zare. Dalilin zaɓen wannan fuska shi ne, yawancin abin da jama'a suka sani game da dambe bai wuce abin da ke faruwa a fili ranar wasa ba: kiɗa da kirari da kisa. Shekarun da ɗan dambe ya yi yana shirya jikinsa da zuciyarsa kafin wannan rana ba a cika waiwayarsu ba.

An gina babin ne a kan hirarrakin da mai wannan bincike ya yi da wani dattijo, tsohon ɗan dambe kuma mahauci a garin Aujara, wanda yake ƙanin mahaifinsa ne. Dattijon ya nemi a sakaya sunansa, saboda haka za a riƙa kiransa Baffa, kamar yadda ake kiransa a gida. Kamar sauran tsararrakinsa, Baffa ba ya lissafi da shekarun Turawa, sai dai ya ce abu kaza ya faru a shekarar da aka yi kaza. Aikin mai bincike ne ya daidaita waɗannan alamomi da shekarunsu.

Abin da babin yake son nunawa shi ne, a Aujara dambe bai taɓa zama darasin da ake keɓe wa lokaci ko makaranta ba. Horonsa a cakuɗe yake da noma da fawa da biyayya ga ubangida, don haka da waɗannan abubuwa suka canza sai shi ma ya canza.

3.1 Aujara da Matsayin Dambe a Cikinta

Aujara gari ne da ke cikin Ƙaramar Hukumar Jahun ta Jihar Jigawa, a ƙarƙashin masarautar Dutse. Kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, wannan yanki yana cikin Jihar Kano ne, kuma tun kafin zuwan Turawa Kano yake bi. Sana'ar da ta fi rinjaye ita ce noma, musamman na gero da dawa da gyaɗa da wake, sai kuma kiwo da fatauci da sauran sana'o'in gado.

Dambe a ƙasar Hausa an san shi da mahauta, waɗanda ake kira rundawa, kuma kalangu, wanda shi ne kiɗan mahauta, shi ne kiɗan dambe. Wannan alaƙa tsohuwa ce. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, da ya sauka a Kano a shekarar 1824, ya ba da labarin cewa ya sa kuɗi wuri dubu biyu domin a yi masa dambe ya gani. Ya bayyana cewa 'yan damben sun zo tare da makaɗa da taron mahauta, kuma kowane ɗan wasa an naɗe masa hannun dama da ƙyalle. Har ma ya hana a yi damben da gaske saboda tsoron kada a yi asarar rai. Wannan ya nuna cewa shekaru ɗari biyu da suka wuce dambe ya riga ya kafu a ƙasar Kano da siffar da aka san shi da ita.

A ƙauyuka da garuruwa irin Aujara, lokacin dambe shi ne kaka, bayan an yi girbi an kai amfani gida. A lokacin ne ake da abinci da kuɗi, ake bukukuwan aure da na kalankuwa, samari kuma suke da sarari.

3.2 Matakin Farko: Dandali da Gona

Baffa ya ce an haife shi ne a gidan fawa, kuma yana ɗan yaron da ake aike lokacin da aka yi bikin samun mulkin kai, wato 1960. A cewarsa, ba zai iya nuna ranar da ya fara koyon dambe ba, domin kuwa ya buɗe ido ne ya ga ana yi. Da daddare idan akwai farin wata yara sukan taru a dandali su yi langa da kokawa, daga nan sai a koma dambe da hannu tsirara ko kuma a naɗe shi da tsumma. Manyan yara su ne alƙalai, su ne kuma masu haɗa tsara da tsara.

Ya bayyana cewa langa ta yi masa amfani fiye da yadda ya zata a lokacin, saboda ita ce take koya wa yaro tsayuwa da ƙafa ɗaya ba tare da ya faɗi ba. A dambe kuwa faɗuwa ita ce kisa: da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Kokawa kuma takan koya wa yaro yadda zai ji nauyin abokin karawarsa, ya gane inda ya karkata.

Game da ƙarfin jiki, Baffa ya yi dariya da aka tambaye shi ko suna ɗaga ƙarfe ko gudun safe. Ya ce garma da fartanya su ne ƙarfensu. Wanda ya yi huɗa da noman fari da maimai, ya ja ruwa a rijiya mai zurfi, ya yi faskare, ba ya bukatar wani abin ƙara masa damtse. Ɗan gidan fawa kuma yana da ƙarin aiki: korar dabbobi daga kasuwa zuwa gida a ƙafa, da riƙe sa a kayar da shi, da ɗaukar cinya a kafaɗa zuwa rumfa. Abinci kuwa tuwon dawa ne da fura da nono, sai romon ƙashi da kayan ciki waɗanda ba sa yankewa a gidan mahauci.

A nan za a ga cewa matakin farko na horo ba shi da malami guda. Gari ne gaba ɗaya yake horar da yaro, kuma a dandali ake gane mai zuciya da marar ita. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3.3 Mataki na Biyu: Shiga Hannun Ubangida

A shekarar da aka kashe Sardaunan Sakkwato, wato 1966, Baffa ya ce aka fara ɗaure masa hannu da zare na gaske. Wanda ya ɗaure masa wani mahauci ne abokin mahaifinsa, wanda ya yi suna a dambe a yankin. Ba shi ya je ya nemi a koya masa ba. Mutumin ne ya gan shi a dandali, ya je ya roƙi mahaifinsa a ba shi yaron. Daga ranar ya zama yaronsa: yana ɗaukar masa jaka, yana yi masa aiki a rumfa da gona, yana bin sa duk inda aka gayyace shi wasa.

Baffa ya ce ya yi kaka biyu yana riƙon jaka kafin a bar shi ya shiga fili a gaban jama'a. A wannan tsakani abubuwan da aka koya masa sun haɗa da:

(a) Ɗaurin hannu. Ana dunƙule hannun da ya fi ƙarfi, a naɗe shi da ƙyalle, sannan a bi shi da zare a ɗaure tam har wuyan hannu. Idan ɗaurin ya yi sako-sako yatsu za su karye, idan ya yi tsanani hannu zai mutu kafin a gama turmi.

(b) Tsayuwa. Ana ware ƙafafu, a miƙa hannun da ba a ɗaure ba a gaba a buɗe, shi ne garkuwa, a ja ɗaurarren baya, shi ne mashi. Da garkuwa ake auna nisa, ake tare duka, ake kuma danne hannun abokin karawa.

(c) Kallo. Ubangidansa ya hana shi kallon ɗaurarren hannu. Ya ce masa ya riƙa kallon kafaɗa da ƙafar gaba, domin su ne suke fara motsi kafin hannu ya taso.

(d) Haƙuri. Dambe turmi uku ne, kuma mai gaggawa shi ne yake kai kansa ga mashi.

Bayan waɗannan akwai dokokin da Baffa ya ce sun fi duka muhimmanci a wurin ubangidansa. Ba a dukan wanda ya riga ya faɗi. Ba a ɗaga hannu a kan mutum a wajen fili, ko da kuwa ya yi zagi. Ba a sa zare da ɗan gida ɗaya. Idan an gama wasa, wanda ya yi kisa shi zai miƙa hannu ya ɗaga wanda ya kashe.

Wannan dangantaka ta yaro da ubangida ita ce take bayyana a sunayen 'yan dambe. Idan aka ji an ce Shagon wane, ko Bahagon wane, ko Autan wane, ko Garkuwan wane, to ana danganta ɗan wasan ne da wanda ya rene shi ko ya tsaya masa. Ke nan sunan ɗan dambe tamkar salsala ce. Tun da ba a rubuta tarihin dambe a takarda ba, a cikin waɗannan sunaye aka adana shi, kuma mai bincike zai iya bin su ya gano wa ya koya wa wa.

3.4 Mataki na Uku: Yawon Dambe

Bayan ya fara shiga fili, Baffa ya shiga yawon dambe tare da ubangidansa da makaɗinsu. Sukan bi garuruwan da ke kewaye kamar Jahun da Kiyawa da Dutse da Ringim, mafi yawa a ƙafa ko a keke. Idan sun isa gari sukan sauka a gidan Sarkin Fawa, shi zai ba su masauki da abinci. Da la'asar makaɗa su fara kiɗa, kowane ɗan wasa a kaɗa masa takensa, tsuma ta kama shi, ya fito ya yi kirari. Abin da ake samu a lokacin kyauta ce daga masu kallo: kuɗi kaɗan, ko riga, ko damin hatsi, wani lokaci akuya. Amma babbar riba ita ce suna, musamman a wurin 'yan mata.

Ya ce a zamanin samartakarsu babu ɗan damben da bai san labarin Shago da Ɗandunawa ba, domin waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan'anace sun kai sunayensu ko'ina ta hanyar rediyo. Kowane saurayi yana fatan wata rana a yi masa irin wannan waƙa.

Wasan da Baffa ya fi tunawa ba wanda ya yi nasara ba ne. Ya ce a wata kaka ya yi kisa sau da dama a jere har kansa ya fara kumbura, ya daina sauraron ubangidansa. A wani gari aka fito masa da wani siririn saurayi bahago. Ubangidansa ya ce masa ya bari sai gobe, ya fara kallon yadda yaron yake wasa da wani, domin mashin bahago ta inda ba a saba ba yake zuwa. Baffa ya ƙi. Tun a turmin farko yaron ya same shi a gefen kunne, bai farka ba sai a masauki. Tun daga ranar kunnen nan bai ƙara ji sosai ba. Abin da ya fi yi masa ciwo, in ji shi, ubangidansa bai ce masa komai ba, sai dai ya mayar da shi riƙon jaka har ƙarshen kakar. Shi kuwa bahagon daga baya sun zama aminai, har ya halarci ɗaurin aurensa.

A shekarar da aka canza kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, wato 1973, aka shiga tsananin farin da ya addabi arewacin Nijeriya da Nijar. Baffa ya ce a wannan shekara ba a yi kiɗan dambe a garinsu ba, domin wanda bai cika rumbu ba ba ya gayyatar baƙi. Dabbobi sun rame, fawa ta ja baya. Sai ya tafi cin rani Kano, kuma a can ne ya fara ganin dambe a kewayayyen wuri inda ake biyan kuɗi a ƙofa, a kuma yi ciniki da ɗan wasa kafin ya sa zare. A nan ya haɗu da 'yan wasa daga Sakkwato da Katsina da Nijar waɗanda ba su da wata sana'a sai dambe. Wannan abu ya ba shi mamaki, domin a saninsa dambe ado ne a kan sana'a, ba shi ne sana'ar ba.

3.5 Matsayin Asiri a Cikin Horo

Ba za a yi maganar horon dambe a bar maganar asiri ba. Baffa bai ɓoye cewa ya yi amfani da shi ba. Ya ambaci layu da kambu da guru, da tsagar da ake yi a hannu a shafa magani, da saiwoyin da ake jiƙawa a sha ko a yi wanka da su. Wasu don kauda bara ne, wasu don sa wa abokin karawa kwarjini, wasu don ƙarfin zuciya. Ubangida ne yake ba da su, kaɗan-kaɗan, gwargwadon yadda ya yarda da yaronsa. Saboda haka asiri yana daga cikin abubuwan da suke ɗaure yaro a hannun ubangida.

Da aka tambaye shi ko asirin yana aiki, sai ya ce ranar da bahagon nan ya kashe shi duk layunsa suna jikinsa. A ganinsa babban aikin da suke yi shi ne cire tsoro, wanda kuwa ya shiga fili babu tsoro ya riga ya yi rabin aiki.

Daga ƙarshen shekarun 1970 wa'azi a kan layu da tsafi ya ƙaru a ƙasar Hausa, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Baffa ya ce ba shiga ƙungiya ya yi ba, amma maganar ta shige shi, kuma da girma ya zo sai ya kwance kayansa ya ƙone. Duk ƙoƙarin da mai wannan bincike ya yi don ya faɗi sunayen itatuwan da yadda ake haɗa su, ya ƙi. Ya ce da su za a binne shi. Wannan matsala ce ga mai nazarin al'ada, domin wani sashe na ilimin yana tafiya ne da gangan, bisa zaɓin masu shi, kuma wajibi ne a girmama wannan zaɓi.

3.6 Mataki na Huɗu: Ajiye Zare da Renon Yara

Baffa ya ajiye zare ne a shekarar da aka ba da Jihar Jigawa, 1991, yana da kimanin shekara arba'in. Ya ce ba kisa ne ya kore shi ba. Ya lura ne idonsa yana ganin duka yana tahowa amma jiki ba ya kaucewa da wuri, kuma 'ya'yansa sun fara girma, bai so su ga an kwantar da shi a gaban jama'a.

Sai dai ajiye zare ba shi ne barin dambe ba. Ya koma raba 'yan wasa a fili da ɗaure wa yara hannu, ya kuma reni samari da dama kamar yadda aka rene shi. A cewarsa a wannan mataki ne ya fahimci abubuwa da yawa da ubangidansa ya faɗa masa shekaru ashirin da suka wuce, domin sai da ya zo koya wa wani ya gane dalilinsu. Har yau, duk da tsufa da ciwon gaɓoɓi da haƙoran da ya rasa, idan ya ji kalangu ya kaɗa taken da ya yi kama da nasa sai kafaɗarsa ta motsa.

3.7 Canje-canjen da Aka Samu

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da dalilai huɗu da suka canza horon dambe a Aujara.

Na farko, ilimin boko. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya ɗebe yara da yawa daga rumfa da gona zuwa aji, ya kuma kawo musu ƙwallon ƙafa, wadda ta maye gurbin langa da kokawa a dandali.

Na biyu, komawar dambe birane. Gidajen dambe irin na Kano da na Dei-Dei a Abuja suna wasa rani da damina, an kuma rarraba 'yan wasa zuwa ɓangarori kamar Kudu da Arewa da Jamus da Guramaɗa. Yaron da ya ga yana da hannu yakan wuce birni kai tsaye, ba tare da ya yi riƙon jaka ba.

Na uku, gado ya daina zama sharaɗi. A yau ana samun 'yan dambe daga kowace sana'a, ba rundawa kaɗai ba. A ɗaya ɓangaren kuma 'ya'yan rundawa da yawa sun bar shi. A cikin 'ya'yan Baffa babu ko ɗaya da ya taɓa ɗaure hannu, kuma ya ce bai tilasta wa kowa ba.

Na huɗu, kafofin sadarwa na zamani. Tun daga 2017, lokacin da aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, dambe ya sami masu kallo a ƙasashen duniya, wasu masu shirya gasa kuma sun shigo da awon nauyi da ƙayyade lokacin turmi. Baffa bai ƙi wannan ba. Ya ce da a zamaninsu ana duba lafiyar wanda ya sha duka, da wataƙila kunnensa yana nan. Abin da yake kuka da shi shi ne, waya tana nuna wa yaro yadda ake kisa, amma ba ta nuna masa wanda zai ce da shi ya bari sai gobe.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bi rayuwar ɗan dambe guda tun daga dandali har zuwa tsufa, an kuma ga cewa horon dambe a Aujara yana da matakai huɗu: wasan yara da aikin ƙarfi, shiga hannun ubangida, yawon dambe, sannan renon na baya. An ga cewa ƙarfin ɗan dambe daga gona da rumfar fawa yake fitowa, dabararsa da ladabinsa kuwa daga ubangida. Dambe kansa bai mutu ba, hasali ma ya fi da kuɗi da 'yan kallo. Abin da yake neman ɓacewa shi ne tsarin da yake haɗa yaro da babba na tsawon shekaru, wanda a cikinsa ake koyon lokacin ɗaga hannu da lokacin sauke shi.

Labarin mutum ɗaya ba zai wakilci yanki gaba ɗaya ba, don haka akwai bukatar a yi irin wannan hira da sauran tsofaffin 'yan dambe da makaɗansu a Jahun da Kiyawa da Miga da Dutse tun suna raye, a kuma tattara sunayensu na wasa da na iyayen gidansu. A babi na gaba za a dubi kiɗan kalangu da take da kirari, da rawar da suke takawa a filin dambe.